Jimla Mai Ɗingishi: Abin da Muka Gani a Insha'in Ɗalibanmu na Bana

Muna sanar da ƴan'uwa cewa mun gama duba takardun insha'i da ɗaliban manyan azuzuwa suka rubuta da Hausa a ƙarshen zangon nan. Batu uku muka ba su, kowa ya zaɓi nasa: damina, kasuwar garinmu, da cin rani. Mun yi musu alkawarin ba za mu ambaci sunan kowa ba, amma ba mu yi alkawarin yin shiru ba. Kuma tun da cutar da muka gani a takardunsu tana nan a namu rubutun, mu manya, sai muka ga gara a yi maganar a nan inda kowa zai gani.

Bana ne muka soma karantar da su balaga, kuma alamarta ta fito. Kusan duk wanda ya ɗan ji daɗin darasin saja'i, wato daidaita ƙarshen jimloli a kan harafi ɗaya, ya ɗauko shi ya shafa wa takardarsa tun daga sama har ƙasa. Ga yadda wani ya buɗe tasa: "Damina ta zo da albarka, manomi ya shiga garka, yara suna ta harka, Allah ya maimaita mana barka." Da muka karanta a aji sai yara suka ɗauki tafi. Muka bari suka gama, sannan muka tambaye su: a cikinku wa ya taɓa ganin manomin gero ya nufi garka ranar da aka yi ruwan shuka? Gona yake zuwa. Garka ai wurin aikin rani ce, inda ake ban ruwa da hannu. Yaron ya san haka sarai, ɗan manomi ne. Abin da ya faru shi ne ya riga ya ajiye "albarka" a ƙarshen gaɓar farko, sai ya shiga neman duk kalmar da za ta amsa mata, ko ta faɗi gaskiya ko ba ta faɗa ba. "Harka" kuwa, wace harka yaran suke yi? Shi ma da muka tambaye shi bai sani ba.

Sannan ku dubi ginin. Gaɓa biyu na farko sun zo da aikin da ya wuce, ta uku ta koma aikin da ake cikin yi, ta huɗu ta zama addu'a. Ƙarshen kalmomin sun yi kama da juna, jikin jimlolin kuwa kowanne da inda ya fuskanta. Da ya ce, "Hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, manomi ya saɓa sungumi," da babu amsa-amo ko ɗaya, amma kunne zai bi shi ba tuntuɓe, domin kowace gaɓa suna ne da aikinsa, duka a zamani ɗaya, ta ƙarshen ta ɗan fi tsawo yadda murya za ta sauka a kanta.

Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mu malamai muna gaggawar kai su babin badi'i saboda yana da zaƙi, alhali wannan magana tun a ilimin ma'ani take, cikin babin faslu da waslu, wato sanin inda ake haɗa jimla da ƴar'uwarta da inda ake raba su. Malam Ƙazwini, wanda ya rasu a shekara ta 739 bayan hijira, ya kawo ta a Talhisul Miftahi, littafin da Suyuɗi ya mayar waƙe a Uƙudul Jumani, Malam Ahalari kuma ya bi sawunsa a Jauharul Maknuni. Ahalarin nan fa shi ne dai mai ɗan littafin tsarki da salla da kowannenmu ya fara da shi. Ma'anar abin da suka koyar ita ce: in za ka haɗa jimla biyu, yana daga kyawun haɗin su dace da juna, mai farawa da suna ta bi mai farawa da suna, mai farawa da fi'ili ta bi irinta, wanda ya wuce ya bi wanda ya wuce, sai fa in akwai wata manufa da ta sa ka saɓa. Ko a cikin badi'in ma ba su tsaya a saja'i ba. Sun ambaci muwazana, inda ƙarshen gaɓoɓin ke daidaita a awo ba tare da sun haɗu a harafi ba, sun ambaci muƙabala, inda ake jera ma'anoni sannan a jera kishiyoyinsu bi da bi. Ɗalibanmu sun riƙe guda ɗaya, wanda ya fi sauƙi, sun saki sauran.

Muka ce ya fi sauƙi domin a Hausa saja'i ba abin a yaba wa mutum ba ne sosai. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, masu ƙarewa da "a" kuwa ba su ƙidayuwa. Yaron da ke tallar ƙosai ma zai jera maka goma kafin ka miƙa masa kuɗi. Kakanninmu da suka bar mana karin magana sun san haka, shi ya sa ba a nan suka zuba ƙarfinsu ba. Ku auna wannan da yatsa: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Gaɓar furuci takwas a dama, takwas a hagu. "Rana" ta fuskanci "rana", "dubu" ta fuskanci "ɗaya", "ɓarawo" ya fuskanci "mai kaya". Ina amsa-amon "ɓarawo" da "kaya"? Babu, kuma ba wanda ya taɓa jin rashinsa. Haka laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Ƙazwini ba tana yin muƙabala tun safe har dare, jikanta da ya karanta babin shi ne ke rubuta "garka" a wurin "gona".

Kuskure na biyu ya fi yawa, kuma daga Larabcin da muke koya musu ya shigo. Wawun aɗafi a Larabci yana haɗa suna da suna, yana haɗa jimla da jimla, duk shi kaɗai. Hausa ta raba aikin biyu. "Da" tana haɗa sunaye: gero da wake, Audu da Garba. Jimloli kuwa ko dai a jera su haka nan, ko a sa "kuma", kuma sau da yawa "kuma" ɗin tana zuwa ne bayan kalmar farko ta jimla ta biyu. Ɗalibin da ya saba fassara kowane wawu da "da" a gaban malam, in ya zo rubuta tasa Hausar sai ya ci gaba da haka. Wani ya rubuta: "A kasuwarmu ana sayar da gero, da wake, da dabbobi, da kuma mutane suna zuwa daga ƙauyuka." Subhanallahi! Mai karatu ya riga ya sayi gero, ya sayi wake, ya sayi dabbobi, yana isowa "da kuma mutane" sai gabansa ya faɗi, kafin "suna zuwa" ta iso ta cece shi. Abu uku na farko sunaye ne da ke rataye a "ana sayar da", na huɗun jimla ce mai tsayuwa da ƙafarta, ba ta da wuri a wannan jerin. Maganinsa ɗigo ɗaya ne bayan "dabbobi", sannan a ce, "Mutane kuma suna zuwa daga ƙauyuka."

Waɗanda ke zuwa lakwal da safe suna da irin nasu. Sun ga yadda ake jera dokoki da Faransanci, layi bisa layi, sai su kwaikwayi jerin su manta cewa kowane layi a can da siga ɗaya yake farawa.

To amma kafin mu ci gaba da yara, bari mu juyo kan kanmu. Wanda duk ya shigo ta ƙofar arewa ya ga takardar da ke manne kusa da wurin ajiye takalma. Mu muka rubuta ta, da hannunmu, wata ranar Alhamis muna sauri. Ga abin da ta ce: "Ana roƙon jama'a: kiyaye tsabtar wurin alwala, kada a bar ruwa a buta, yara iyayensu su kula da su, gudunmawar wata." Roƙo huɗu, siga huɗu. Na farko masdari, na biyu hani, na uku jimla mai kai biyu, na huɗu suna tsirara wanda bai ce a yi komai ba. Gudunmawar wata a yi yaya da ita? A biya, ko a karɓa, ko an ɗage ta? Ma'ajinmu ya ce wannan layin ne ya fi kowanne rashin amsa, mu dai ba mu ce saboda nahawu ne kaɗai ba. Da mun rubuta, "A tsabtace wurin alwala. A zubar da ruwan buta. A kula da yara. A biya gudunmawar wata," da dattijon da ke haɗa baƙi da ƙyar ya gane layi na farko, sauran ukun sun zo masa da sauƙi, domin ya riga ya san ƙirar da za su zo da ita.

A ƙasan takardar akwai wanda ya fi wannan muni: "Kada a ajiye babur a bakin ƙofa a kai shi bayan katanga." Nufinmu hani ɗaya da umarni ɗaya. Amma "a ajiye" da "a kai" sigarsu ɗaya, suna jere ba abin da ya raba su, don haka "kada" tana iya hawa kan su biyun. Wani saurayi ya karanta ya fahimci an hana nan an hana can, ya je ya jingine nasa a ƙofar maƙwabci, aka yi ta cacar baki bayan sallar isha'i. Kun ga a nan kamar ce ta cuce mu. In abu biyu sun zo da siga ɗaya, mai karatu yana ɗauka hukuncinsu ɗaya ne. In hukuncinsu ya bambanta, dole a raba su, ko da ɗigo, ko da "sai dai".

Wataƙila wani ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, batun babur da buta. Bari mu ba ku wanda ba ƙarami ba. Shekarun baya an kawo mana wata takardar yarjejeniya tsakanin mai gona da wanda ya noma ta, bayan sun kusa kai juna gaban hukuma. An rubuta ta da ajami, da shaidu, da komai. Jimlar da ta haddasa rigimar ita ce: "Mai gona ya ɗauki dami ashirin, mai noma kuma ragowar da kuɗin taki." Mai noma ya ce ma'anarta zai ɗauki ragowar, a kuma ba shi kuɗin takin da ya kashe. Mai gona ya ce a'a, zai ɗauki ragowar, ya kuma ɗauki nauyin kuɗin taki. Dukansu ba su yi wa Hausa ƙarya ba, domin "ɗauka" tana zuwa da ma'anar karɓa, tana zuwa da ma'anar biya, marubucin kuma ya ambace ta sau ɗaya ya ɗora mata kaya biyu. Ya yi tsammanin taƙaitawa gwaninta ce. Da muka zauna sake rubutawa sai muka sa kowane hannu ya samu mai shi da aikinsa: mai gona ya karɓi dami ashirin, mai noma ya karɓi ragowar, mai noma ya biya kuɗin taki, mai gona ya biya… A nan alƙalami ya tsaya. Me mai gona zai biya? Sai ga shi ashe ba su taɓa yin maganar kuɗin iri ba sam. Gurbin da ya rage a jerin shi ya tono abin da suka manta, aka yi maganarsa a wurin, kafin ya zama rigima ta biyu. Mai ɗora wa jaki mangala ba don kyan gani yake daidaita ɓangarorin ba, ya san in ɗaya ya rinjaya kayan ba za su kai kasuwa ba.

Mu koma kan takardun yara. Wasu sun gwada muƙabala, mun kuma ji daɗin ƙoƙarin. Ɗaya ya rubuta: "Mai haƙuri yana samu yana dariya, mai gaggawa yana kuka yana rasawa." Saura kaɗan. Samu kishiyarsa rashi, dariya kishiyarta kuka, sai ya juya jerin a gaɓa ta biyu. "Yana rasawa yana kuka" shi ne daidai, kuma shi ne yadda abin ke faruwa, ana rasawa kafin a yi kuka.

Wanda ya fi damunmu shi ne wani da ya gina tasa ba aibi ko kaɗan: "Ɗan lakwal yana neman duniya, ɗan allo yana neman lahira." In awo ake nema, ga awo. Mun karanta ta sau biyu kafin muka lura cewa mai rubutun kansa da safe yana lakwal, da yamma yana gabanmu, haka fiye da rabin ajinsa. Wanne ne shi a cikin biyun? Wannan ita ce fitinar jimla mai daidaito: kunne yana karɓarta kafin hankali ya bincike ta. Mai wa'azi ya san haka, ɗan siyasa ya san haka, maroƙi ma ya sani. Ka raba mutane gida biyu, ka ba kowane gida kalma uku masu auna juna, jama'a za su yi kabbara ko da rabon ƙarya ne. Don haka muke gaya wa ɗalibai, mu ma muna tuna wa kanmu kafin mu hau mumbari: duk lokacin da jimla ta zo maka a daidaice da sauƙi haka, ka tsaya ka cire mata awon, ka faɗe ta da magana ta yau da kullum, ka ga ko har yanzu za ka iya tsayawa a kanta.

Malam Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rasu a 471, ya yi wannan gargaɗi a farkon Asrarul Balaga: saja'i da jinasi ba sa yin kyau sai in ma'ana ce ta nemo su da kanta. Ibnu Haldun ma a Muƙaddima ya soki marubutan zamaninsa da suka cika wasiƙun sarauta da saja'i har abin da ake son faɗa ya ɓace. Mun san wani zai ce, to Muƙamar Hariri fa, da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni? Muna girmama ta, mun durƙusa mun karance ta. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 516, ya rubuta muƙama 50, a cikinsu har akwai wasiƙar da kalma ɗaya duk haruffanta masu ɗigo ne, mai bi mata babu ɗigo ko ɗaya, haka har ƙarshe. Rumbun lugga ce, don haka malamanmu suka riƙe ta. Amma ku tuna a bakin wa ya sa mafi yawan wannan gwanintar: Abu Zaidin Saruji, mutumin da ke yawo gari gari yana raba jama'a da kuɗinsu da zaƙin baki. A sha lugga a wurinsa, kada a ɗauke shi malamin rubuta yarjejeniyar gona.

Takardar da ta fi kowace tsaya mana a rai ba ta da saja'i ko ɗaya. Wata yarinya ce ta rubuta a kan cin rani, kuma ga tsakiyarta: "Yayana ya tafi Agadas, ƙanen babana ya tafi Kano, maƙwabcinmu ya tafi Libiya. Kakarmu tana nan bakin ƙofa." Ku lura da abin da ta yi. Sau uku "ya tafi", sau uku sunan wuri, kowanne gini ɗaya, har kunne ya saba yana jiran na huɗu ya tafi shi ma. Sai na huɗun ya ƙi tafiya. Ta bar aikin da ya wuce ta koma "tana nan", wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Wannan shi ne togacin da malaman ma'ani suka yi da suka ce sai in akwai manufa, kuma misalin da suke bayarwa ke nan: a nufi faruwar abu a gaɓa ɗaya, a nufi tabbatarsa a ɗayar. Da ta bi ƙa'ida ido rufe ta ce "kakarmu ta zauna a bakin ƙofa", da ta samu daidaito ta rasa tsohuwar da ke zaune tun watan da aka gama girbi. Kuma saɓawar ba za ta yi aiki ba da ba ta fara gina ukun farko a kan ƙira ɗaya ba. Mun tambaye ta ko ta san sunan abin da ta yi. Ta ce a'a, ita dai haka ta ga abin yake a gidansu. Bambancinta da mai "garka" shi ne shi ya saɓa bai sani ba, ita ta saɓa a wurin da maganar kanta ta juya.

Akwai kurakurai a takardarta, ba mu ɓoye mata ba. Tana haɗa kalmomin da ya kamata a raba, tana rubuta "k" a wurin "ƙ", sakin layinta na ƙarshe kuma ya watse. Waɗannan ana gyara su cikin mako biyu.

Ga waɗanda za su sake rubuta nasu, abin da muke so ku yi kafin ku kawo shi ne wannan. Duk jimlar da ke da jeri a cikinta, ku kwafe ta a allo ko a wata takarda, kowace gaɓa a ƙarƙashin ƴar'uwarta, suna ƙarƙashin suna, aiki ƙarƙashin aiki. Inda aka samu gurbi, ko dai kun manta wani abu, ko kuma abin da kuka sa ba ɗan jerin ba ne. Sannan ku karanta da ƙarfi, ba a zuci ba, domin yawancin abin da muke rubutawa a nan ƙarshenta a lasifika ake karanta shi, ko a karanta wa wanda bai iya ba. Inda numfashi ya yanke muku a tsakiyar gaɓa, ta yi tsawo. In gaɓoɓin ba za su zo daidai ba, ku ajiye mai tsawon a ƙarshe. Malaman badi'i sun ƙi a bi doguwar gaɓa da wata gajeriya ƙwarai, domin mai sauraro yana jin kamar an fizge masa magana daga kunne.

Za a karɓi takardun da aka gyara ranar Asabar bayan la'asar. Takardar bakin ƙofar arewa kuwa mun cire ta, wadda za ta maye gurbinta ƴan aji na sama ne za su rubuta, mu kuma mu duba.